Sha Biyar da Ɗaya

Rijiyar tamu ce, mu da gidan maƙwabcinmu Baffa Dirham. Mahaifina Hizam da shi Dirham ɗin suka haɗa ƙarfi suka haƙa ta tun ina yaro, suka sa mata inji, suka yi rabo: yau ruwa ya bi bututun gonarsu, gobe ya bi namu. A haka aka zauna har Allah ya karɓi ran mahaifinmu. Ko wata biyu ba a yi ba Dirham ya canza kwaɗon ɗakin injin. Da na je na tambaye shi dalili, sai ya dube ni, kumatu cike da ganyen ƙat ɗin nan da mazanmu ke taunawa, ya ce wai marigayi ya sayar masa da rabonsa tun shekarar da injin ya ƙone. Mutumin da ya tsaya a sahun gaba ranar jana'iza yana share hawaye da gefen rawani. Tir da wannan hali.

Ba don komai abin ya ci mini rai ba sai don inabin. Gonar ba wata babba ba ce, amma duk itacen da ke cikinta Baba ne ya dasa da hannunsa, raziƙi zalla, farin nan mai tsawo da 'yan kasuwar San'a ke zuwa har bakin gona su saya. Lokacin ruwan bazara ya ɗauke, na damina bai zo ba, 'ya'yan kuma sun fito ƙanana kamar ƙwayar dawa. Duk wanda ya taɓa noman inabi ya san a nan ne ba ya jure ƙishirwa. Na sayi ruwan tanka sau biyu, na ga ba hanya ba ce. Ko dai a buɗe mana injin nan kusa, ko mu yi asarar shekarar.

Na kai ƙara wurin Shaihu Murshid, mai raba rigingimun yankinmu. Ban ji tsoron shari'ar ba ko kaɗan, don ina da shaidu biyu da ba a ja da su: tsoho Hamud wanda ya yi musu aikin haƙar rijiyar, da limamin masallacinmu wanda a gabansa aka yi rabon, a gabansa kuma aka haɗa kuɗin gyaran injin da ya ƙone. Dirham kuwa ba shi da kowa sai 'ya'yan cikinsa. Shaihu ya sa mana ranar Alhamis bayan azahar, ya ce kowane ɓangare ya zo da adal ɗinsa, wato bindigar da za ka ajiye a gabansa ta zauna a hannunsa, shaidar cewa ka yarda da duk hukuncin da ya yanke.

"Ƙarama ta isa, Shayif," in ji shi. "Ɗakina ya cika da dogaye, har matata ta fara mita."

Ni ban ga abin tsayawa tunani ba. Muna da Abu Mahala, libarbar Baba, wadda kakanmu ya zo da ita daga Adan. Sunan ya samo asali ne daga gidan harsashinta da ke juyawa kamar ƙarfen jan guga a bakin rijiya. Baƙinta ya koɗe, mariƙinta ya tsage an ɗaure da waya, amma sau uku Baba yana ajiye ta adal, sau ukun kuma yana dawowa da ita gida da gaskiyarsa.

Na ɗauko ta ina shafa mata mai a tsakar gida sai ga Sinan.

Sinan ƙanena ne, autan Umma. Tun gemu bai fito masa ba ya tafi Jidda, ya zauna a shagon turare har rasuwar Baba ta dawo da shi. Ya dawo da farar riga mai guga, da agogo, da ƙamshin da kake ji kafin ka gan shi. Fartanya bai san ta ba, bindiga kuma rabonsa da ita tun harbin bikin aurena.

"Yaya, me kake yi da wannan?"

"Adal."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wannan? A gaban mutane? Haba Yaya. Ai sai a ce gidan Hizam sun talauce. Wannan ko ɓarawon kaji ka nuna wa sai ya tambaye ka nawa za ka sayar masa."

"Ba harbi za mu je ba. Ajiyewa za mu yi."

"Shi ya sa. Abin da ka ajiye shi ne fuskarka. Kana jin Baffa Dirham zai zo da tarkace? Sabuwa fil zai ajiye, kowa ya ga da gaske yake. Shaihu ma mutum ne, ido gare shi."

Na ce masa Shaihu Murshid bakin shaidu yake saurara, ba ƙyallin ƙarfe ba. Ya kaɗa kai irin na wanda ya ga duniya yana tausayin wanda bai fita daga ƙauye ba, ya shiga mota ya nufi kasuwar bindigogi ta Jihana.

Da la'asar ya dawo da sabuwar bindiga a akwatin roba. Baƙa ce wul, mai kusurwa-kusurwa, irin wadda ake cusa mata gidan harsashi ta cikin mariƙi. Ya ɗora ta a kan tabarma kusa da Abu Mahala kamar mai gwada amarya da tsohuwa.

"Sha biyar da ɗaya," ya ce. "Mai shagon da kansa ya ɗura min ita. Taka nawa take ci? Shida. Kafin ka gama lalubo harsashi a aljihu ni na gama da mutum goma."

"Mutum goman wa za ka gama da su? Ruwa muke nema."

"Misali nake ba ka."

"To bari ni ma in ba ka misali." Na ɗauki Abu Mahala na karya ta biyu, na ɗaga ta saitin hasken taga. "Ramuka nawa ka gani?"

"Shida."

"Akwai wani abu a ciki?"

"Babu."

"Shi ke nan. Ko makaho ya zura yatsa ya san babu komai. Wannan ita ce bindigar da ake kai wa gidan shaihu, don ba ta iya ɓoye komai. Taka kuwa, wannan ɗayan da kake ta faɗa da alfahari, ka san mene ne shi?"

"Gyara ne," in ji Sinan. "Kamar in ka sayi turare kwalba goma a ƙara maka ɗaya."

Wallahi na ɗauka wasa yake yi. Na yi dariya ma, Allah ya gani. Na ce masa ɗayan nan shi ne duk fitinar, don shi ba ya zama tare da 'yan'uwansa, a maƙogwaronta yake kwana, kuma ko ka cire gidan harsashin yana nan. Na miƙa hannu in nuna masa. Sai ya janye ta ya rungume a ƙirji.

"Kar ka ɓata min ita da man hannunka. Na ji, na ji. Ni za ka koya wa? Mai shagon ya yi min bayani kaf."

A nan Umma ta shigo da butar kishir, shayinmu na ɓawon gahawa. Ita ma ta dubi bindigogin biyu, kuma na san inda za ta faɗi tun kafin ta buɗe baki, don tunda aka haifi Sinan ban taɓa cin gardama da shi a gabanta ba.

"Shayif, ka bar yaron nan ya yi wani abu a gidan ubansa mana. Tun da ya dawo komai ka ce ba haka ba. Ya kashe kuɗinsa don mutuncin gidan nan."

"Umma, mutuncin gidan nan yana cikin gona yana bushewa."

"To ai shi ma ruwan yake nema. Kuma ta marigayi ba na son ta fita. In na buɗe akwati ban gan ta ba sai in ji kamar yau aka yi rasuwar."

Da Sinan ne kaɗai da mun kwana muna yi, amma ba zan ja da tsohuwa a kan abin mijinta ba. Na mayar da Abu Mahala cikin ƙyallenta. Na ce masa sharaɗi ɗaya ne: kafin mu taka ƙofar Shaihu ya cire ɗayan nan, in gan shi da idona.

Ranar Alhamis muka ci salta, romon da muke ci da rana, da wuri, muka biya muka ɗauki tsoho Hamud. Sai da muka ɗaga shi mu biyu muka sa shi a mota, don ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, amma ya ce ko a kan jaki ne sai ya je ya faɗi gaskiyar Hizam. Liman ya riga mu isa. A ƙofar gidan na riƙe hannun rigar Sinan.

"Ɗayan fa?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da harsashi guda ya ɗora a tafin hannuna. "Ga shi nan, sarkin tsoro. Tun da safe na cire. Hankalinka ya kwanta?"

Na juya shi, na jefa a aljihuna. Hankalina ya kwanta ɗin.

Zauren ya cika. Shaihu Murshid yana can ƙurya ya jingina da matashi, ƙaninsa Naji, wanda ke karɓar adal, yana gefensa da farantin tagulla a gabansa. Dirham da 'ya'yansa uku suna jere ta ɓangaren taga, mu muka zauna muna fuskantarsu. Aka gaisa, aka yi salati, kowa ya kwance ƙunshin ƙat ɗinsa. Sannan Shaihu ya ce a kawo adal.

Dirham ya fara, don shi ne babba. Ya sa hannu a ƙarƙashin rigarsa, kuma me kuke tsammani ya fito da ita? Libarba. Tsohuwa, mai tsatsa, wadda Abu Mahala amarya ce a kanta. Ya buɗe ta, ya ɗaga kowa ya ga ramukanta, ya miƙa wa Naji ta wajen mariƙi. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya ce gidan Dirham sun talauce. Na waiga na dubi Sinan, shi kuwa yana gyara hannun riga.

Ya miƙe tsaye, abin da ba a yi. Ya zaro tasa, ya danna, gidan harsashin ya zubo tafin hannunsa, ya miƙa wa Naji. Ita kuma bindigar ya shimfiɗe ta a tsakiyar darduma yadda kowa zai gani, bakinta yana kallon gwiwar Dirham.

"Sha biyar da ɗaya take ci, ranka ya daɗe," ya ce da murya sama. "Ɗayan na cire shi tun a gida, don girman wurin nan."

"Madalla," in ji Shaihu. "Zauna, ɗana."

Naji ya fara turo harsasan da babban yatsa suna faɗawa cikin faranti, yana ƙirgawa a fili kamar yadda ya saba. Ni hankalina ma yana kan tsoho Hamud, ina gyara masa matashi, ina jin ƙarar tagulla da rabin kunne. Sha biyu. Sha uku. Sha huɗu. Sai ƙarar ta tsaya.

Naji ya leƙa cikin gidan harsashin, ya girgiza shi. "Sha huɗu," ya sake cewa.

Na ji harsashin da ke aljihuna kamar garwashi. Ashe daga saman gidan harsashin Sinan ya zare shi, na maƙogwaron yana nan. Wawan nan ya ɗauka duk wanda ya cire shi ne ɗayan, kamar dai kwalbar turare.

Na yunƙura zan kai hannu, amma Naji ya riga ni. Ya ɗauke ta a hankali, ya mayar da bakinta sama, ya ja bayanta. Harsashi ya yi tsalle, ya faɗo kan darduma, ya gangara har ya tsaya a jikin ƙafar Dirham. Babu wanda ya motsa. Har masu tauna sun daina.

Dirham ya dubi harsashin ya daɗe. Ni na san mutumin nan tun ina goyo, kuma na rantse ba tsoro na gani a fuskarsa ba. Daɗi na gani. Ya kwance rawaninsa a nitse, ya jefa shi gaban Shaihu.

"A gidanka nake, Murshid. A cikin amanarka na zauna. 'Ya'yan Hizam sun shigo da bindiga a ɗane sun saita ta a kaina, a gaban jama'a. Wannan baƙin aibi ne, kuma kai aka yi wa kafin ni."

"Baffa," in ji Sinan, "wallahi ban..."

"Rufe mana baki," na ce. Na juya wurin Shaihu. "Allah ya ƙara maka daraja, kowa a nan ya san yaron nan. Turare ya iya. Bai san gabanta da bayanta ba. Jahilci ne, ba niyya ba, kuma Baffa Dirham ya fi kowa sani."

"Na sani, Shayif," in ji Shaihu, bai ɗaga murya ba. "Amma in na kau da kai yau don jahilci ne, gobe wani zai shigo da saninsa ya ce mantuwa ce. Da me mutane za su riƙa zama a ɗakin nan?"

Ya faɗi abin da duk muka riga muka sani. Ba a sauraron ƙarar mai aibi sai ya wanke aibinsa. Sa biyu za mu yanka, ɗaya a ƙofarsa, ɗaya a ƙofar Dirham, a gaban dattawan dangin biyu. Sai an gama wannan za a dawo kan maganar rijiya, kafin nan kuma komai ya tsaya yadda yake.

"Gobe zan kawo shanun," na ce. "Ko rigata zan sayar."

"Babban yayana yana hanyar Makka," in ji Dirham. "Ba a wanke aibin gidanmu ba ya nan. Sai bayan Layya, in Allah ya dawo da shi lafiya."

Bayan Layya, da sauran makonni da yawa a gaba. Ya san abin da yake faɗa sarai, don gonarsa katanga ɗaya ce da tamu, kullum yana ganin ganyenmu.

Na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na roƙe shi. A gaban 'ya'yansa, a gaban mutanen gari, na ce Baffa, don zumuncin da ke tsakaninka da Baba, ka ba mu ruwa ko na yini ɗaya a mako kafin lokacin, a rubuta a kaina in shari'a ta ba ka gaskiya. Shaihu ya dube shi, liman ya dube shi. Ya tsinki ganye ɗaya, ya kaɗe masa ƙura da yatsa, ya sa a baki.

"Bayan aibi," ya ce.

Haka muka sake ɗaga tsoho Hamud muka mayar da shi mota, bai ce uffan a zauren ba. A hanya yana ta tambaya, don kunnensa ya yi nauyi, wai yaushe za a kira shi ya yi magana. Ya zo da gaskiyar ubana a bakinsa, muka mayar da shi gida da ita.

Da muka gaya wa Umma, ta yi salati, ta zauna, sannan ta ce, "To ai yaro ne, bai sani ba." Yaro. Mutumin da furfura ta fara fito masa a gemu. Na fita daga ɗakin don kar in faɗi abin da zan yi nadama.

Na ƙara sayen tanka ɗaya, kuɗin shanu ya cinye sauran. Sama kuwa ko gajimare babu. Ganyen ya fara naɗewa daga gefe, 'ya'yan suka tsaya cak, sannan suka fara yamushewa tun suna kore. Abin da ya rage shi ne a sare nonnan inabin gaba ɗaya, ko itatuwan su samu su rayu zuwa baɗi. Na ɗauki almakashi da buhu na shiga.

Ina layi na biyu, rana ta take, sai na ji ƙamshin turare. Sinan ne, Umma ta aiko shi da kishir. Ya ajiye butar, ya tsaya yana kallon buhun da ya kusa cika da abin da ko awaki sai sun yi shawara kafin su ci. Ta bayan katanga injin yana ta bugawa, ana jin ruwa na gudu a gonar Dirham.

"Yaya," ya ce.

Na ci gaba da yanka.

"Na yi ta tunani. Laifin mai shagon nan ne. Da ya nuna min inda ɗayan yake zama da duk haka ba ta faru ba." Sai ya ƙara. "Amma ita kanta bindigar ba ta da laifi, ka dai yarda. Ko Naji sai da ya yaba ta. Abu Mahala fa shida kawai take ci. Wannan kuwa sha biyar."

Na miƙe, bayana na ciwo. Na dube shi, na dubi layukan da suka rage har bakin katanga, duk na Baba.

"Ɗayan ma ya ishe mu," na ce.

Na kama hannunsa na sa masa almakashin, na nuna masa itacen da ke gabansa. "Daga nan za ka fara. Kar ka bar ko nono ɗaya."